Daga Filin Jirgi Zuwa Masauki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Mota, Otal da Ɗan Jagora

Tambayoyin nan su ne waɗanda ke ta dawowa daga bakin masu shirin zuwa garin da ba su taɓa takawa ba. Na jera su yadda tafiyar kanta ke zuwa: saukar jirgi, hanyar shiga gari, ɗakin kwana, sannan wanda zai zaga da kai. Za ka ga amsoshi da yawa suna komawa kan awa biyun farko bayan sauka. A nan aka fi cutar baƙo, lokacin da gajiya ta kama shi, kaya sun yi masa nauyi, wayarsa ba layi, kuma duk wanda ya yi masa murmushi sai ya ga kamar ɗan uwa ne.

Me zan gama shiryawa tun ina gida?

Abu uku: yadda za ka fita daga filin jirgi, inda za ka kwana a daren farko, da lambar wanda za ka kira idan al'amari ya rikice. Sauran duk suna gyaruwa a can. Rubuta sunan otal da adireshinsa da lambar wayarsa a takarda ka sa a aljihu, don waya takan mutu daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Idan ƙasar tana da nata rubutun, kamar Sin ko Japan ko Tailan ko Habasha, nemi adireshin da wannan rubutun, domin ba lalle direban da zai ɗauke ka ya iya karanta haruffan boko ba. Ka kuma sauke taswirar garin a waya yadda za ta buɗe ko babu data.

Takardar shaidar kama ɗaki ta kasance kusa. Jami'in shige da fice yakan tambaya, "Ina za ka sauka?" kuma kame-kame a gabansa yana jawo dogon zama. Duba fasfo tun da wuri: ƙasashe da yawa suna son ya rage masa aƙalla wata 6, ƙasashen Shengen na Turai kuwa wata 3 bayan ranar da za ka fita.

Garin da zan je yana da filin jirgi fiye da ɗaya. Akwai bambanci?

Sosai ma. Landan tana da filaye 6. Istanbul tana da biyu, ɗaya a ɓangaren Turai, ɗaya a ɓangaren Asiya, kuma tsakaninsu tafiya ce mai tsawo ga cunkoso. Wasu filayen kuwa sunan gari kawai suka ara: Beauvais, wanda ake sayar da tikitinsa da sunan Paris, yana da nisan kusan kilomita 85 daga birnin, Hahn kuma kusan kilomita 120 daga Frankfurt. Kamfanonin jirage masu araha sun fi sauka a irin waɗannan, sai ka ga abin da ka rage a tikiti ya tafi a kuɗin mota, ga awa biyu a hanya.

Kowane fili yana da haruffa uku da ake gane shi da su, suna nan a jikin tikitinka: IST da SAW na Istanbul, CDG da ORY da BVA na Paris. Su za ka duba. Idan kuma za ka sauya jirgi, ka tabbatar fili ɗaya ne. Sauka a wani fili a tashi a wani yana nufin za ka karɓi kayanka, ka shiga ƙasar, wataƙila har da neman biza.

Tasi, bas, jirgin ƙasa ko motar manhaja, wanne ya fi?

Ya danganta da yawan kayanka, yawanku, da lokacin sauka. Mutum ɗaya da jaka ɗaya da rana tsaka, jirgin ƙasa ya fi masa, don ba ruwansa da goslo. A Landan, daga filin Heathrow zuwa tashar Paddington minti 15 ne a jirgi mai sauri. Daga filin Fiumicino zuwa babbar tashar Rum minti 32. A Dubai jirgin cikin gari yana tsayawa a taminal na 1 da na 3. Filin Sarki Abdul'aziz na Jidda yana da tashar jirgin Haramain, wanda ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka da Madina. Sabon filin Istanbul ma ya samu nasa layin a 2023.

Sai dai jirgin ƙasa tasha yake kai ka, ba ƙofar otal ba. Tsakanin tashar da gadonka akwai matakala, akwai titi mai duwatsu, akwai ruwan sama, kuma tsofaffin tashoshi da yawa ba su da lif. Idan kun kai uku ko huɗu, ku yi lissafi, sau da yawa tasi ɗaya bai fi tikiti huɗu ba. Ra'ayina shi ne, garin da ban sani ba, idan dare ya yi kuma ina jan akwati biyu, tasi zan hau in biya ba gardama. Tsimi sai gobe, bayan na yi barci na ga garin da idona.

Yaya zan bambance tasi na gaskiya da na 'yan kamasho?

Direba mai lasisi yana waje a layi cikin motarsa, kai za ka je ka same shi. Wanda ya tare ka a cikin zaure, da ƙofa ta buɗe ya matso yana cewa "tasi, tasi" ƙasa-ƙasa, hannunsa ya riga ya kai ga akwatinka, wani lokaci har da wani kati rataye a wuya, wannan ka wuce shi. Kada ka tsaya yi masa bayani, tsayuwar ita ce farkon ciniki. Bi alamar tasi har inda layi yake, ko ka je teburin da ake biya tun a ciki a ba ka takarda.

Kafin a sa kaya a but, a gama magana. Ko dai mita, ko ƙayyadadden farashi. Wasu birane sun yanke kuɗin filin jirgi da doka: Paris tun 2016, haka Rum zuwa tsakiyar gari, haka filin JFK zuwa Manhattan a Niyok. A irin wuraren nan babu batun ciniki. Idan direba ya ce mita ta lalace, sauka ka shiga ta baya. Inda kuma ciniki ne al'adar, ka tambayi abu huɗu: da wane kuɗi, na mota duka ne ko na kowane kai, har da kaya, har da kuɗin tolget? Na ga rigimar da ta tashi a kan kalmar "hamsin" kaɗai, fasinja yana nufin kuɗin ƙasar, direba yana nufin dala.

In an iso, fito da kayanka tukuna sannan ka biya. Faɗi adadin takardar kuɗin da kake miƙawa da baki, don akwai masu saurin hannu da ke musanya babba da ƙarama su ce ita ka bayar. Karɓi rasit, shi ne zai taimake ka idan ka manta waya a kujera.

Uber na aiki a ko'ina?

A'a. Uber ya sayar da harkarsa ta Sin ga DiDi a 2016, ta kudu maso gabashin Asiya kuma ga Grab a 2018. A ƙasashen Larabawa da dama Careem aka sani, a Turai da Afirka akwai Bolt. Bincika wadda ke aiki a inda za ka, ka sauke ta ka yi rajista tun kana gida, saboda lambar tabbatarwa layinka za a turo wa, kuma a can wataƙila layin ba zai kama ba.

Yawancin manyan filaye sun ware wa motocin manhaja wurin ɗauka daban, wani lokaci a hawa na sama ko cikin wurin ajiye motoci. Da motar ta zo, duba lambarta, sannan ka tambayi direba wa ya zo ɗauka, kada kai ka fara faɗin sunanka. Idan ya ce ka soke tafiyar a manhaja ku daidaita tsakaninku, ka ƙi. Da ka soke, babu sauran shaidar cewa ka taɓa shiga motarsa.

Otal ya ce zai turo mota. In yarda?

Idan da dare za ka sauka, ko kana tare da yara ko tsofaffi, wannan ya fi komai kwanciyar hankali, ko da ya ɗan fi tsada. Ba su lambar jirginka, ba lokacin sauka kaɗai ba, don su riƙa bibiya idan an samu jinkiri. Tambayi sunan direba da lambarsa da daidai inda zai tsaya. In ka ga sunanka a allo, ka sa mai riƙe da shi ya faɗi sunan otal ɗin da bakinsa, domin kwafar suna daga allon wani ba wuya.

Kayana ba su fito ba. Me zan yi?

Kada ka bar zauren karɓar kaya. Je teburin kayan da suka ɓata da 'yar takardar nan da aka liƙa maka a bayan tikiti lokacin awo, a cike maka fom a ba ka lamba. Ba su adireshin masaukinka, wanda ka riga ka rubuta kamar yadda amsar farko ta ce. Yawancin kaya sukan biyo jirgi na gaba a kawo maka har otal.

Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama, wadda yawancin ƙasashe suka shiga, ta ba ka kwana 7 ka rubuta ƙorafi idan akwati ya lalace, kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka idan jinkiri ya yi. Idan kwana 21 suka wuce bai zo ba, ana ɗaukarsa ya ɓata. Ajiye rasit na tufafi da sabulun da ka saya a tsakani. Saboda irin wannan rana ne magani, takardu, caja da kaya kala ɗaya suke zama a jakar hannu.

In canji kuɗi in sayi layi a filin jirgi?

Canji kaɗan, wanda zai kai ka masauki ya saya maka ruwa. Farashin canji a filin jirgi kusan kullum ya fi na cikin gari muni. Idan na'urar cirar kuɗi ko ta biya da kati ta ba ka zaɓi tsakanin kuɗin ƙasarka da na ƙasar da kake, zaɓi na ƙasar da kake. Ɗaya zaɓin yana nufin na'urar ce za ta yi maka canjin da farashin da ta ga dama. Mai ɗauke da tsabar kuɗi mai yawa ya sani cewa Tarayyar Turai tana son a bayyana daga yuro 10,000, Amurka kuma abin da ya haura dala 10,000.

Layin waya kuwa ya cancanci a saya nan take, don da shi za ka kira mota ka buɗe taswira. Za a nemi fasfo. Kada ka bar shagon sai an sa layin ka ga data tana aiki. Idan wayarka tana karɓar eSIM, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba, kana iya sayen data tun kafin ka tashi.

Hayar mota in tuƙa da kaina fa?

Ban da ranar farko. Mutumin da ya kwana a jirgi bai kamata ya kama sitiyari a garin da bai sani ba, balle inda hannun tuƙi ya saɓa wa wanda ya saba. Birtaniya, Japan, Indiya, Kenya da Afirka ta Kudu duk hagu suke bi. Idan za ka yi daga baya, nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun a gida, karanta abin da inshora ta ɗauka, ka ɗauki hoton kowane kwarzane a jikin motar kafin ka motsa ta.

Da me zan auna otal kafin in kama?

Da wurin da yake, kafin komai. Sa adireshin a taswira ka ga nisansa da abin da ya kawo ka garin. "Minti biyar daga tsakiyar gari" magana ce da ba ta da ma'ana sai an ce a ƙafa ko a mota, kuma da wane lokaci. Otal mai araha a bayan gari yana cin kuɗin mota sau biyu kullum.

Taurari kada su ruɗe ka. Babu ma'auni ɗaya na duniya, kowace ƙasa da tsarinta, wani wurin ma otal ne ke ba kansa. Tauraro yana ƙirga abubuwan da ake da su, kamar lif da gidan abinci da wurin ninƙaya, ba ya faɗin ko zanin gado wankakke ne. Wannan sai a bakin waɗanda suka kwana. Karanta sharhin watannin baya-bayan nan, ka tsallake masu yabo kamar maroƙa da masu zagi kamar an kashe musu wani, ka nemi na tsakiya. Ƙorafin mutum ɗaya ba komai ba ne. Idan mutum biyar da ba su san juna ba suka ambaci hayaniya ko rashin ruwan zafi, to akwai shi. Hotunan da baƙi suka ɗauka da wayarsu sun fi na otal faɗin gaskiya, musamman na banɗaki.

In kama ta manhaja ko kai tsaye daga otal?

Yi bincike a manhaja irin su Booking.com ko Agoda, sannan ka leƙa shafin otal ɗin, wani lokaci farashinsu ya fi sauƙi ko su haɗa da karin kumallo. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne sharaɗin sokewa. Ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa ya fi araha, amma wanda bizarsa ba ta fito ba bai kamata ya taɓa shi ba. Ko ta ina ka kama, tura wa otal saƙo kwana biyu kafin zuwa su tabbatar sunanka yana littafinsu.

Akwai wata damfara da ta yi yawa: saƙo ya zo kamar daga otal, da sunanka da ranakunka daidai, a ce katinka bai shiga ba, ka danna nan cikin awa kaɗan ko a soke ɗakin. Kada ka danna. Nemo lambar otal daga shafinsu ka kira.

Jirgina zai sauka ƙarfe 2 na dare. Wane dare zan kama?

Daren da ya gabata. Idan za ka sauka ƙarfe 2 na daren wayewar ranar 10, ɗakin ranar 9 kake buƙata. Ranar otal takan fara ne ƙarfe 2 ko 3 na rana, ta ƙare ƙarfe 11 ko 12 na washegari. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren. Na iso wani otal kafin asuba, na miƙa takarda da ƙarfin gwiwa, ma'aikacin ya duba ya ce ɗakina sai ƙarfe 3 na rana, kuma gidan a cike yake. Na kwana a kujerar zaure, ƙafa ɗaya a kan akwati, mai shara yana zagaye ni da tsintsiya.

In ka kama daren da ya gabata, to ka sanar da su cewa cikin dare za ka iso. In ba haka ba suna iya ɗauka ba za ka zo ba, su soke duka kwanakin. Ƙananan masaukai kuma ba duka ke da mai karɓar baƙi da dare ba, ka tambayi yadda za ka samu makulli.

Me ya sa kuɗin da aka caje ni ya fi wanda na gani?

Galibi harajin baƙi ne, wanda hukumar gari ke ɗorawa kuma a otal ake karɓa. Rum, Paris, Barcelona da Dubai duk suna da shi, Amsterdam kuwa ta kai nata kashi 12.5 cikin 100 na kuɗin ɗaki a 2024. A wasu otal na Amurka akwai ƙarin kuɗin kowane dare da sunan amfani da kayan more rayuwa, ko ka yi amfani da su ko ba ka yi ba.

Na biyu shi ne jinginar da ake riƙewa a katinka ranar shiga. Ba cirewa aka yi ba, tsarewa aka yi, amma a katin da ke cin asusunka kai tsaye kuɗin ba za su taɓu ba sai an sake su, kuma sakin yakan ɗauki kwanaki bayan ka fita. Tambayi adadin tun a tebur, kada ka bari abin ya cinye guzurinka. Ɗan firjin ɗaki ma a yi hattara: wasu suna da na'urar da ke rubuta maka kuɗi da zarar ka ɗaga kwalba.

Sun nemi fasfona. Dole ne in bayar?

Nunawa dole ne a ƙasashe da yawa, don doka ta sa otal ya yi rajistar baƙi. Haka yake a ƙasashen Shengen. A Sin otal ne ke yi maka rajistar, wanda ya sauka gidan wani kuma ya je ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Su duba, su kwafa, su dawo maka da shi. Amma fasfo ba abin jingina ba ne, ko ga otal, ko ga mai hayar babur, ko ga ɗan jagora.

Da na shiga ɗaki, me zan fara dubawa?

Kafin ka buɗe akwati: makullin ƙofa da sakata, ruwan zafi, na'urar sanyi ko ɗumi. Ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin katifa ta wajen kai. Ɗige-ɗige baƙaƙe alamar kuɗin cizo ce, kuma shi ba ya tambayar taurarin otal. Canjin ɗaki ya fi sauƙi a minti goman farko. A bayan ƙofa akwai zanen hanyar fita idan gobara ta tashi. Karanta shi, ka leƙa ka ga inda matakala take, don ba a shiga lif a gobara.

Sai soket. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100, ta Turai 230, bakin soket kuma kala-kala. Cajar waya da ta kwamfuta galibi suna ɗaukar duka, an rubuta 100-240 a jikinsu, adafta kawai suke buƙata. Dutsen guga da na'urar busar da gashi su ne ke ƙonewa. In za ka fita, ɗauki katin otal mai adireshi daga tebur ka sa a aljihu.

Na biya, na zo, an ce ɗaki babu. Yaya ke nan?

Otal sukan sayar da ɗakuna fiye da abin da suke da shi, da tsammanin wasu ba za su zo ba. Kada ka soke da hannunka, kada ka bar teburin. Nemi manaja, ka buƙaci su sama maka ɗaki daidai da naka ko wanda ya fi shi a kusa, su biya mota. Idan ta manhaja ka kama, kira su kana tsaye a wurin. Wanda ya sanar da lokacin isowarsa, kamar yadda aka faɗa a tambayar saukar dare, ba shi aka fi turawa wani wuri ba.

Ina buƙatar ɗan jagora kuwa, ga taswira a waya?

Akwai inda doka ce. Ba a hawa dutsen Kilimanjaro mai tsawon mita 5,895 sai da jagora mai lasisi. Hanyar Inka da ke kaiwa Machu Picchu a Peru mutum 500 ake bari a rana, har da jagorori da 'yan dako, kuma rufe ta ake yi duk watan Fabrairu. Ganin goggon biri a Ruwanda sai da ma'aikatan gandun daji, mutum 8 a rukuni, awa ɗaya tak a gaban dabbobin.

Akwai kuma inda ba doka ba ce amma rashinsa asara ne. Kufai irin Luxor a Masar ko Pompeii a Italiya ko Petra a Jodan, in babu mai bayani, tarin duwatsu ne za ka ɗauki hotonsu ka dawo. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma taswira hanya take nunawa, ba ta faɗin abin da ya faru a wurin. Birni na zamani mai alamu da jirgin ƙasa kuwa, kai kaɗai ka isa. Dabarar da na fi so ita ce in ɗauki jagora rabin yini a rana ta farko, in yi masa tambayoyi har ya gaji, sauran kwanakin in yi yawona.

Yaya zan gane na ƙwarai?

Ƙa'idar tasi ce dai: wanda ka nema ya fi wanda ya neme ka. Tambaya a ofishin yawon buɗe ido na gari, ko a teburin sayar da tikiti na wurin, ko ka nemi wanda baƙi da yawa suka ambata da suna a sharhinsu. A Turkiyya, Masar, Italiya da Girka aikin na masu lasisi ne, kuma suna rataya katinsu. A Faransa sai mai katin sana'a ke jagorantar baƙi a gidajen tarihi na gwamnati, a Birtaniya kuma akwai masu shuɗin baji da suka ci jarrabawa. Neman ganin kati ba rashin kunya ba ne, mai shi da alfahari yake nunawa.

Yi magana da shi ta waya kafin ka biya. A minti biyu za ka san ko kana gane harshensa. Ka lura ko ya tambaye ka abin da kake son gani, da ko akwai mai ciwon ƙafa a cikinku. Wanda ya fara jero maka shirinsa bai tambaye ka komai ba, karatun hadda zai yi maka.

Me za mu daidaita kafin mu fita?

Awa nawa, wurare nawa, mutum nawa a rukunin, kuma kuɗin ya haɗa da tikitin shiga da mota da abinci ko bai haɗa ba. Faɗa masa tun farko idan kana buƙatar tsayawa don ibada, ko akwai abin da ba ka ci. A rubuta duka ko da a saƙon waya ne. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, cikon sai an dawo.

Jagora yana ta kai ni shaguna. Dole in saya?

Ba dole. Kamasho yake samu a kan duk abin da ka saya, kuma a cikin farashinka aka sa shi. Shi ya sa yawon da aka yi maka araha ƙwarai yakan ƙare a shagon darduma ko turare ko gwal, ana zuba maka shayi. Sha shayinka, yi godiya, ka tashi. Mafi sauƙi ka ce tun da safe ba ka son shago, ko ɗaya kawai.

Wani salon kuma shi ne a tare ka a hanya a ce wurin da za ka a rufe yake yau, amma ga wani da ya fi shi. An san wannan sosai a kewayen Babbar Fada ta Bankok. Ƙarasa ƙofar ka gani da idonka. Kuma duk daɗin bakin mai shago, kada ka sayi hauren giwa, ƙoƙon kunkurun teku ko tsohon kayan tarihi. Yarjejeniyar CITES ta kare namun daji da dokokin ƙasashe sun hana fitar da su, kuma kai kwastan za su kama, ba shi ba.

Tukuici fa, da yawon da ake cewa kyauta ne?

Yawon ƙafa na "kyauta" da ake yi a manyan birane tukuici ne albashin mai yin sa, wasu ma biyan kamfani suke a kan kowane kai da ya biyo su. In ka bi har ƙarshe, ka ba da abin kirki. Tukuici kuma ƙasa-ƙasa ne: a Amurka direba da mai kawo abinci suna sa ran kashi 15 zuwa 20 cikin 100, a Japan kuwa ba a yi, har ana iya biyo ka da canjinka. Tambayi ma'aikacin otal yadda ake yi a garin.

Mace ce ni, ni kaɗai zan yi tafiya. Akwai ƙarin abin lura?

Zaɓi jirgin da zai sauka da rana idan da hali, in babu ki sa otal ya turo mota. Zauna a kujerar baya, ki tura wa wani naki lambar motar. Dubai tana da tasi masu rufi ruwan hoda da mata ke tuƙawa, jiragen cikin gari na Alƙahira da Delhi da Dubai kuma suna da taragon mata. Idan mai karɓar baƙi ya faɗi lambar ɗakinki da ƙarfi a gaban mutane, kina da damar neman wani. In aka ƙwanƙwasa aka ce ma'aikaci ne alhali ba ki kira kowa ba, buga wa tebur ki tambaya kafin ki zare sakata.

Ranar komawa, yaushe zan bar otal?

Yi lissafi daga baya. Tafiyar ƙasa da ƙasa a kasance a fili awa 3 kafin tashi, ƙara tsawon hanya, ƙara abin da goslo zai ci idan safiya ce ko yamma. Duba haruffa ukun nan da lambar taminal, don ba lalle inda ka sauka nan za ka tashi ba. Jirgin asuba kuwa, a shirya motarsa tun dare, saboda jiragen ƙasa da yawa ba sa fara aiki sai wajen ƙarfe 5.

Idan jirginka na dare ne alhali ɗaki ya ƙare da tsakar rana, bar kayan a ma'ajiyar otal ka karɓi takarda, yawancinsu suna yi. Karanta lissafin kuɗinka layi-layi kafin ka sa hannu, ka ce a saki jinginar da aka riƙe a kati. Kafin ka ja ƙofa, leƙa akwatin ƙarfe na ajiya, bayan ƙofar banɗaki, da soket ɗin gefen gado, inda caja ta fi kwana.